Daga Agadas Zuwa Bilma: Karkarwar Furofela a Cikin Tenere

Hanyar da ta tashi daga Agadas ta ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma tsohuwar turbar ayarin gishiri ce, wadda a yau motoci ƙirar Toyota Land Cruiser da Hilux suka yi tarayya da raƙuma a kanta, kuma da yake babu gidan mai ko gareji a tsakani, kowace mota takan ɗauki durom-durom na ruwa da na mai fiye da abin da aka ƙera ta dominsa. Motar da marubucin wannan labari ya shiga, Land Cruiser ce a-kori-kura, an ƙara mata fallayen ƙarfe a sifirin na baya, an kuma tsawaita maratayan da ke riƙe da wutsiyar sifirin ɗin, har bayanta ya ɗaga da kimanin santimita 5, don kada cikinta ya riƙa shafar yashi idan kaya ya danne ta.

A wunin farko, kan tsakuwa da gargada, babu wanda ya lura da komai, domin jijjigar hanya ta rufe kowace irin ƙara. Sai da aka fita fili mai tauri da santsi sannan wani ƙugi ya bayyana a ƙarƙashin kujeru, yana ƙaruwa idan direba ya taka totur, yana lafawa idan ya saki, har madubin gaba ya riƙa rawa, hoton da ke cikinsa ya dushe. Direban ya zargi taya, amma dattijon bakaniken da ke cikin tafiyar bai yarda ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: furofela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksul na baya, tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda haka karkarwarta siririya ce mai sauri, ta taya kuwa rangaji ce mai nauyi.

An yada zango a rijiyar da ke kusa da bishiyar ƙarfe, wadda aka kafa a gurbin Bishiyar Tenere bayan wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973. A nan bakaniken ya kwance furofelar baya, ya sa aka tuƙa motar da tayoyin gaba kaɗai, ƙugin kuwa ya ɓace ɗungum.

Bayanin abin yana cikin kuros, wato gaɓar ƙarfe mai hannu huɗu da ke kowane ƙarshen furofela, wadda Turawa ke dangantawa da Gerolamo Cardano na Italiya da Robert Hooke na Ingila. Idan kuros yana aiki a karkace, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya: yakan yi sauri ya rage har sau biyu a kowane zagaye, kuma bambancin gudunsa da na ɓangaren da ke juya shi, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba a kusurwar digiri 3, yakan kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 a digiri 10. Hikimar sanya kuros biyu ita ce na biyun ya warware abin da na farkon ya ƙulla, amma hakan ba ya yiwuwa sai kusurwoyin biyu sun zo daidai, ko bambancinsu bai wuce digiri ɗaya ba, sannan kunnuwan da ke riƙe da su a kan sandar suna kan layi guda. Saboda haka tsayin motar shi kaɗai bai isa ya haifar da wannan karkarwa ba. Saɓanin kusurwoyin ne tushenta, kuma wannan ne abin da masu ɗaga mota suka fi sakaci da shi.

Bakaniken ya mayar da furofelar, ya tabbatar kunnuwan suna kan layi, sannan ya yi awo da manhajar auna karkata da ke cikin wayar direba, alhali kayan duk suna kan motar, domin awon mota fanko ba ya gaya wa mutum halin da za ta shiga a hanya. Kuros na gaba yana aiki a digiri 6, na baya a digiri 2, domin dogayen maratayan sun ɗaga hancin aksul sama. Da ya kama kuros na baya ya girgiza, bai ji lam-lam ba tukuna, sai dai giris ɗin da ya fito daga na gaba ya yi baƙi, yana warin ƙuna. Ya dube shi a kan yatsa na ɗan lokaci kafin ya goge a tsumma. Fargabarsa tana da dalili, domin furofelar da ta tsinke ta gaba tana iya cakar ƙasa ta kifar da mota, a wurin da taimako ke nesa da tafiyar kwanaki.

Daga nan aka ci gaba a hankali, ana ɗura giris a kowane zango, aka wuce rijiyar Ashegur har aka isa Dirku. A can wani maƙeri ya fiƙe weji biyu na ƙarfe, kowanne tsawon santimita 10, baki ɗaya ya fi ɗayan kauri da milimita 7, wanda ke ba da kusan digiri 4, ya kuma huda tsakiyarsu don kusar da ke haɗe fallayen sifirin ta ratsa ta riƙe su. Aka cusa su tsakanin sifirin da mazaunin aksul ta yadda hancin zai sunkuya, aka ɗaure notuna, aka sake awo, kusurwoyin biyu suka zo kusa da juna.

Gyaran ya kashe ƙugin, amma bai mayar da motar yadda masana'anta ta yi ta ba, tunda kuros da ke aiki a digiri 6 ya fi saurin cinyewa a kan wanda ke digiri 3. Bakaniken ya shawarci direban da ya mayar da gajerun marataya idan an koma Agadas, ko ya nemi furofela mai tagwayen kuros a gaba, wadda ita kuma ke buƙatar hancin aksul ya fuskanci giyabos kai tsaye. Da la'asar aka nufi Bilma, duwatsun Kawar suna hannun hagu, dabinai suna bayyana sarai a cikin madubi.