Salansar Tsohon Yamaha a Bakin Iyakar Illela

Tsofaffin baburan Japan ba su ƙare a Illela ba. Har yanzu akwai Yamaha YB100 da Suzuki A100 da Honda Benly a zaurukan tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wasu tun zamanin kuɗin Udoji ko kaɗan bayansa. Bajaj Boxer da baburan Sin sun karɓe aikin kabu-kabu tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, amma mai tsohon Yamaha ba ya sayar da nasa. Abin da kan fara kai shi bango shi ne salansa, idan tsatsa ta ci ta daga ciki har ta huje.

Daga nan yakan tarar cewa kalmar "orijina" ta rabu uku a bakin masu sayar da kayan gyara. Akwai wadda ta fito daga kamfanin da ya ƙera babur ɗin, ba a taɓa ɗaura ta ba, wannan kuwa ganinta sai an tona tsohon shago. Akwai wadda aka kwance daga mataccen babur, ta asali ce amma ta sha duniya. Sai sabuwa fil mai ƙyalli, a kwali mai tambarin kamfani, wadda nauyinta a hannu kaɗai ya isa ya tona asirinta: ƙarfen siriri ne, cikinta kusan fayau.

Mutane da dama sun ɗauki salansa a matsayin bututun fitar da hayaƙi da rage ƙara kawai. A kan Benly, wanda baƙin mansa ke zaune a cikin inji, kuskuren bai yi yawa ba. YB100 da A100 kuwa suna ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma ba su da bawul irin na Benly. Fistin da kansa yake buɗe ƙofar hayaƙi ya rufe. A ɗan lokacin da ƙofar take buɗe, sabon mai da iska kan bi hayaƙi su fita. Tsawon salansar da faɗinta da shingayen cikinta ne ke mayar da wani matsi baya, ya tura wannan man cikin silinda kafin ƙofar ta rufe. Injiniyoyin da suka auna kafireta sun auna ta ne da wannan salansar. Idan aka ɗaura wadda cikinta ya fi sakewa, ba a kuma taɓa kafireta ba, sai babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi a ƙaramin gudu, inji ya ɗau zafi fiye da kima. A zafin Afrilu na ƙasar Sakkwato, ƙarshen wannan shi ne fistin ya kama, kuma fistin ɗin tsohon Suzuki ya fi salansa wuyar samu.

Wannan bai sa kowace sabuwa ta zama jabu ba. Akwai masu kauri da aka kwaikwayi ma'aunin asali da kyau, kuma mutumin da babur ɗinsa ke kai shi gona kullum ba zai ajiye shi wata uku yana jiran sa'a ba. Iyaka ma tana da ta cewa. Rufe ta da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun katse hanyar leƙawa Ƙonni neman tsoffin kaya, faɗuwar naira a gaban sefa kuma ta sa abin da aka samo can ya yi tsada.

Zaɓin da aka fi rainawa shi ne ya fi dacewa sau da yawa: gyaran ta jikin babur ɗin. Salansar injin da ke ƙona baƙin mai takan toshe da kunkunniya, mai ita ya zaci ta mutu. Tsofaffin makanikai sukan zare bututun cikinta su ƙone dattin da wuta, mai walda ya liƙe hujin da faci. Ba za ta yi kyan gani ba, amma ma'auninta na nan yadda aka ƙera shi.

Sai batun ƙara. Samari na son salansa mai ruri, wasu har cire cikinta suke yi. A ƙauyukan gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga ke shigowa a kan babura, rurin inji bayan isha'i yakan tayar da gari tsaye. Dattijon da zai dawo daga ta'aziyya da dare ya fi son a gane muryar babur ɗinsa tun daga nesa, irin wadda unguwar ta saba ji shekara arba'in.