Kaboyin Daura: Ranar Da Ya Daina Tafi

Duk wanda ya tashi a Daura a farkon shekarun 2000 ya san gidajen kallon nan na zana da langa-langa, inda ake biyan 'yan canji a zauna a kan benci, janareto na ta ƙugi a bayan katanga. A ɗaya daga cikinsu ne wani yaro ya samu laƙabin da har yau bai rabu da shi ba. Kaboyi ake ce masa.

A lokacin ba ya jin Turanci ko na sisin kwabo, amma ya san ƙa'idar fim ɗin sarai. Mai faffaɗar hula da bindiga a ƙugu shi ne jarumi. Masu gashin tsuntsu a ka, waɗanda yara ke kira Indiyawan daji, su ne mugaye. Za su kewaye keken dokin Turawa suna ihu, mata na kuka, harsashi ya kusa ƙarewa, sai a jiyo kakakin soja daga nesa. Nan fa gidan kallo zai kaure da tafi da fito, kuma Kaboyi ne ke fara miƙewa tsaye a kan benci. In an tashi, su hau dokin kara su ci gaba da yaƙin a lungu. Ba wanda ke yarda ya zama Indiyan daji sai an yi masa alkawarin alewa, don aikinsa ɗaya ne, ya faɗi ya mutu.

Daga kaboyi aka koma Rambo da Commando. A fim ɗin Rambo na biyu, na 1985, Sylvester Stallone ya koma Biyetnam shi kaɗai ya kwaso fursunonin ƙasarsa, ya bar gawarwaki birjik. Yaron nan ya sa a ransa cewa Amurka ƙasa ce da ba ta zalunci, ita dai kullum ceto take zuwa yi. Har hoton tutarsu ya liƙa a bayan littafinsa na makaranta.

Da ya girma sai ya buɗe ɗan shago na tura fina-finai a waya, irin na 'yan daunlodin. Sana'ar tana tilasta wa mutum kallo, domin kwastoma zai tambaye ka, "Wannan akwai faɗa?" Ta haka ne wani dare ya kunna 12 Years a Slave, fim ɗin 2013 da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2014. Abin da ya ja shi kawai shi ne ya ji an ce jarumin, Chiwetel Ejiofor, iyayensa 'yan Nijeriya ne. Labarin Solomon Northup ne, baƙar fata mai 'yanci da aka sace a birnin Washintan a 1841, aka sauya masa suna, aka sayar da shi, ya shekara goma sha biyu yana bauta a gonakin Luwiziyana. Kaboyi ya zauna yana jiran wurin da kakakin soja zai yi ƙara. Har fim ya ƙare bai ji shi ba.

Tun daga ranar ya shiga bincike a wayarsa, kuma abin da ya tarar ya ɗaure masa kai. Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar 'yancin kan Amurka ta 1776 mai cewa daidai aka halicci mutane, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A ƙidayar 1860 bayin da ke ƙasar sun kusa miliyan 4, kuma sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a haramta bautar. Indiyawan dajin da yake tafi in sun faɗi kuwa, ashe su ne masu ƙasar. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar tashin su daga gonakinsu, a 1838 aka kora ƙabilar Cherokee zuwa yamma, kusan mutum 4,000 suka mutu a tafiyar. A watan Disamba na 1890, a wani wuri da ake kira Wounded Knee, sojojin doki, irin masu kakakin nan dai, suka kashe 'yan ƙabilar Lakota sama da 250, da yawansu mata da yara. A Biyetnam ɗin Rambo ma, ranar 16 ga Maris 1968, sojojin Amurka sun hallaka ɗaruruwan ƙauyawa marasa makami a My Lai.

Ya kuma gano cewa masana'antar fim ɗin da kanta tana da hannu dumu-dumu a wankin. The Birth of a Nation na 1915 ya nuna 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kashe baƙaƙe, a matsayin jarumai, har aka haska shi a fadar shugaban ƙasa. Shi ya sa ma a 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar Oscar ɗin da ya ci da The Godfather, don nuna fushinsa kan yadda fina-finai ke wulaƙanta 'yan asalin ƙasar.

To fa! Kaboyi ya samu abin faɗa. Kullum bayan isha'i in majalisa ta haɗu a ƙofar shagonsa, shayi na dahuwa, sai ya buɗe babi. "Munafukai ne wallahi! Sun kashe masu gida, sun bautar da baƙi, sannan su zo suna koya wa duniya haƙƙin ɗan'adam." Daga nan sai ya ɗora da cewa mu kam Allah ya yi mana gyaɗar dogo, tarihinmu fes yake. Ga rijiyar Kusugu nan a cikin gari kowa na iya zuwa ya leƙa. Ga Bayajidda da ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin da ke hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Shekara da shekaru yana rubuta wannan labari a wani littafi mai bangon kwali, da burin wata rana ya kai wa furodusoshin Kano. Shi a ganinsa Bayajidda ya fi John Wayne komai, baƙo a kan doki, ya shigo gari da dare, ya gama da bos kafin gari ya waye.

A 2023 ne abin ya zo masa ta inda bai zata ba. Akwai yarinyar da ya shekara biyu yana nema, sun shaƙu, har an ba shi izinin turo magabata. Kawunnansa suka je da goro da alewa, aka karɓe su hannu bibbiyu, aka ce a ba su lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba. Bayan mako uku aka dawo da kayan. Ba a ce yana shaye-shaye ba, ba a ce ba shi da sana'a ba. Wata tsohuwa ce a dangin yarinyar ta ce ta san gidansu tun kaka da kakanni, kuma akwai magana a kan asali.

Mahaifinsa ya ƙi cewa uffan. Sai ya wuce ɗakin kakarsa, wadda ta haifi uban, ya same ta a kan tabarma tana jan carbi.

"Hajiya, wace magana ce a kan asalinmu?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Maigidana, zauna. Dama na san wata rana sai ka tambaya."

Ta ce kakarta ba 'yar ƙasar nan ba ce. Tana yarinya, ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, mahaya suka faɗa wa ƙauyensu can kudancin Zazzau da asuba. Aka ɗauro su a igiya ɗaya har Kano, aka sayar da ita, wani falke ya kawo ta ƙasar Daura. A rinji ta girma, aka haɗa ta aure da wani bawan gidan, 'ya'yansu suka tashi cucanawa. Mijin ya yi ta biyan murgu yana tara abin fansar kansa. Har ta rasu, in ta ji sukuwar dawaki sai jikinta ya ɗauki rawa, ko da hawan Sallah ne.

"Yaya sunanta?"

"Wanda uban gidanta ya sa mata shi muka sani. Na gidan ubanta kuwa, ita kanta ta ce ya ɓace mata."

Kaboyi ya tuna Solomon Northup da aka mayar Platt. Ya tuna Kunta Kinte na fim ɗin Roots na 1977, wanda aka yi ta zabga wa bulala sai ya amsa sunan Toby. Ya kalli waɗannan wurare sau ba adadi yana tsine wa Turawa, alhali mai irin labarin tana kwance a maƙabartar garinsu, jininta na gudana a jikinsa.

Mako biyu majalisa ba ta ji muryarsa ba. Da ya koma kan littafinsa mai bangon kwali, sai ya ga abin da ya daɗe yana tsallakewa. A cikin labarin Bayajidda akwai Bagwariya, kuyangar da Daurama ta ba shi, wadda ta haifi Karɓagari kafin Daurama ta haifi Bawo. Zuriyar Bawo, haɗe da Biram, su ne Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Zuriyar ɗan kuyanga kuwa aka ce musu Banza Bakwai. Kuma a rabon aikin da labarin ya yi wa 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, Zazzau kuwa sarkin bayi. Tun yana firamare ya haddace wannan, bai taɓa tambayar su waye bayin ba, daga ina ake kamo su, wa suka bari a gida. A rubutunsa Bagwariya fitowa ɗaya ta yi, ta ajiye ƙwaryar ruwa ta fita, ko kalma ɗaya bai ba ta ba. Ashe ita ce Indiyan dajin fim ɗinsa.

Mai karatu, kada a ɗauka Kaboyi ya ce bautar nan da ta can duk ɗaya ce. Ya san a ƙasar Hausa ba launin fata ne ma'auni ba, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa uban gidanta ɗa ne kamar kowa, har yakan gaji sarauta, kuma bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a Kano sun riƙe iko mai girma. Sai dai ita yarinyar da aka ɗauro a igiya ba ta san wannan bambanci ba. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta kwata-kwata a Arewa ba sai 1936, shekaru saba'in da ɗaya bayan Amurka. Ga shi kusan shekara casa'in bayan nan, maganar ta isa ta dawo da goron mutum.

Wani abin da ya tsaya masa a rai shi ne, duk munafuncin da yake zargin Amurkawa da shi, su ne dai suka zuba kuɗi suka yi Roots, suka yi Dances with Wolves a 1990, suka yi Killers of the Flower Moon a 2023, inda Martin Scorsese ya nuna yadda aka riƙa kashe 'yan ƙabilar Osage a shekarun 1920 don a gaje arzikin mansu. Har yanzu suna rigima a tsakaninsu kan abin da za a koya wa yara a makaranta, amma dai ana maganar. Mu fa? Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shehu Umar tun 1934, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Daga nan, cikin dubban fina-finan da aka yi a Kano da Kaduna da Jos, nawa ne mai karatu zai iya lissafawa da suka dubi wannan al'amari ido da ido? In an yi fim ɗin sarauta, baiwa tana nan a bayan gimbiya da mafici a hannu, ko a sa ta ta ba da dariya.

Kaboyi ya sake rubuta labarinsa daga farko. Bayajidda na nan, maciji na nan, Kusugu na nan, bai rage musu komai ba, don har gobe yana alfahari da garinsu, kuma ba ya fashin kallon hawan Sallar Gani. Amma yanzu Bagwariya tana da ƙauyen da aka ɗauko ta, tana da uwa, tana da bakin magana. Ya kai wa wani furodusa a Kano. Mutumin ya karanta ya jinjina kai ya ce, "Malam, labari ya yi. Amma cire wannan baiwar, ko ka rage ta. Za a ce mun taɓa masarauta, kuma 'yan kallo ba sa son tonon silili. Ka ƙara waƙa biyu." Kaboyi ya karɓi littafinsa ya hau motar Daura.

Yarinyar an ɗaura mata aure da wani a bara. Shi kuwa yana nan a shagonsa, in yara sun zo neman fim ɗin harbe-harbe yana tura musu, sai dai wani lokaci yakan ƙara musu ɗaya kyauta ya ce su kalla su zo su ba shi labari. Littafin yana cikin durowa yana jiran mai kuɗin da zai yarda da shi yadda yake.

Kwanan baya ya karanta wa kakarsa fitowar Bagwariya guda uku. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Maigidana, ka cika mata kuka da yawa. Ita tawa kakar mace ce mai ban dariya, kuma duk unguwar nan ba wadda ta kai ta iya fura. In za ka sa ta, ka sa har da wannan."

A daren ya ɗauko biro ya ƙara fitowa ta huɗu.