Ruwan da Muke Wanke Ƙwaryar Nono



A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da garin Tsanyawa muna da shanu shida. Da kuɗin nononsu Inna take saya mana littattafai da sabulu. Mu yara aikinmu shi ne kai su shan ruwa da wanke ƙoren tatsa kafin mu taho makaranta.

Da damina ba ma wahalar zuwa rijiyar burtsatse, saboda layi. Akwai kududdufi a bayan gari. Nan shanu suke sha, suna shiga har gwiwa, suna kashi a ciki. Mu kuma mu matsa gefe inda ruwan ya kwanta, mu ɗiba, mu tace da ƙyalle, mu wanke ƙwarya. Tunda ruwan ya yi haske, a ganinmu ya tsarkaka.

A daminar bara maruƙanmu biyu suka kamu da zawo. Ɗaya ya mutu cikin kwana uku, uwarsa kuma ta rage ba da nono. Ba a yi mako ba sai ƙanwarmu mai wata goma ta fara amai da gudawa. Idanunta suka faɗa, ko kuka ba ta iya yi. Baba ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa. A daren nan babu wanda ya runtsa. Alhamdu lillahi ta warke. Ma'aikaciyar lafiya ta tambayi Inna, "Da wane ruwa kuke wanke kwanonta?" Mu da muke tsaye a bakin ƙofa muka sunkuyar da kai.

Da muka ba malamin kimiyya labari, ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ake kira bairos. Sun fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka ƙyalle ba ya tare su, kuma kafso ba ya kashe su. Ɗaya daga cikinsu sunanta rota. Akwai irin da ke sa maruƙa zawo, akwai irin da ke kama jarirai. Ta cikin kashi suke fita, na dabba da na mutum, sai ruwan sama ya kwashe su daga turke da bayan gari ya zuba a kududdufi.

Malam ya ce ko manyan gonakin madara ba su tsira daga bairos ba. A shekarar 2024 murar tsuntsaye ta kama shanun tatsa a Amurka, har aka samu ƙwayar a ɗanyar madara. Abin da yake kashe ta shi ne zafin dafawa. Ya kuma ce tun 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin rigakafin jarirai. Ɗigawa ake yi a baki, a mako 6 da 10 da 14.

Yanzu mun canza. Muna sammako mu bi layin burtsatse. Ruwan wanke ƙwarya daban, na shanu daban. Inna tana wanke hannu da sabulu kafin tatsa, tana kuma tafasa madara kafin ta kwantar da kindirmo. Idan maraƙi ya fara zawo, sai a ware shi a kira malamin dabbobi. Wani lokaci layin yana sa mu makara, amma mun ga abin da ya fi makara ciwo.

'Yan uwa, da yawanmu mu ne masu ɗebo ruwa a gidajenmu. Gobe idan aka aike mu, mu tambayi kanmu: me ya shiga ruwan nan kafin gugarmu? Malamanmu, muna roƙon a yi mana bayanin wannan a taron safe.

Allah ya kare mu da dabbobinmu, amin.

Daga ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida