Kwana a Kan Tsauni Cikin Jaka

Masu hawan tsaunukan Alps a Turai suna da wata jakar kwana mai kama da dogon buhu, wadda sau da yawa nauyinta bai wuce rabin kilo ba. In dare ya riske su a can sama, sai su shimfiɗa 'yar katifar soso a kan dutse, su shige jakar, su zuge bakinta. Tana tare iska da ruwa, amma numfashin mai barci yakan zama raɓa a ciki, ya wayi gari da danshi a wuyan riga. Ga sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Wani zai ce neman wahala ne, tunda akwai tanti. Da gaskiyarsa, sai dai tanti na buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, nauyinsa kuma na rage sauri, alhali a kan tsauni jinkiri ma haɗari ne. Duk abin da ɗan Adam ya ɗauka don ya kare kansa, bayansa ne ke biyan kuɗinsa, kuma yawancinmu tsoron gobe ke sa mu cika kaya. Wanda ya san iyakar buƙatarsa shi ke yin nisa.