Na Tafi Kallo Kano, Na Bar Iyalina a Jahun

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin wata tafiya da na yi, wadda har yanzu ban gama biyan bashinta a gida ba. Ni akawu ne a nan Jahun, cikin ƙasar Dutse, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Abin da na yi kuwa shi ne, na karɓi hutuna na shekara, na tafi Kano kallon namun daji da hawan lilo, ni kaɗai. Na sani waɗansu da jin haka za su ce wannan ba cikakken mutum ba ne. To, a yi haƙuri a ji yadda aka yi.

Tun ina yaro a makarantar mishan malaminmu yake da wani babban littafi mai hotunan dabbobi, yakan buɗe mana shi ran Jumma'a in mun yi ƙoƙari. Shekara guda aka shirya za a kai ajinmu gidan namun daji na Kano, wanda jama'a ke kira Gidan Zu, ran da za a tafi sai na kwana da zazzaɓi. Suka tafi, suka komo, suka cika mini kunne da labari wata guda cur. Tun daga ran nan abin yake raina, har na yi aure, har na haifu, ban taɓa sa ƙafa a wurin ba. Ga shi kuwa muna da haƙƙi a cikinsa, gama a 1972 aka buɗe shi, zamanin Audu Bako, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, sa'an nan Jahun tana cikin Jihar Kano, ba a yanke Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta, 1991. Watau harajin iyayenmu yana cikin abin da aka gina shi da shi.

Da azumi na yi wa yara alkawari, na ce in Allah ya kai mu Salla zan kai su su ga zaki. Da Salla ta matso sai na ɗauko alƙalami na zauna lissafi, aikin da na fi gwaninta a kai. Ni da uwargida da yara huɗu, ga ƙanwarta da ke zaune wurinmu, wadda ba shi yiwuwa a bar ta tsaron gida, mutum bakwai ke nan. Kuɗin mota zuwa da komowa, kuɗin shiga, abinci, da tsarabar maƙwabta. Kowa ya san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Na juya lissafin nan ta kowace fuska, ya ƙi. Abin da na tara bai kai mu bakwai ba, amma ya kai mutum guda har da kwana.

Nan ne fa, ya Edita, zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini ado ba. Da na ga lissafi ya ƙi, ban yi baƙin ciki kamar yadda ya kamata uba ya yi ba. Can cikin zuciyata na ji wani sanyi. Shekara goma sha ɗaya ban yi wuni guda wanda ba wanda ya kira ni ba. A ofis a ce, "Malam, ina takardar nan?" a gida a ce, "Baba, takalmina ya tsinke." Saboda haka da Salla ta wuce da mako biyu sai na ce wa uwargida an aike ni Kano da takardun ofis. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam," har ta ƙulla mini dambu a leda. Wannan dambu ya tsaya mini a wuya fiye da yadda dambu ya saba.

Muka tashi da sassafe, muka bi ta Gaya, garin da masu tarihi suka ce daga nan maƙeran farko suka tashi suka tafi Dala neman tama. Muka haye gadar Wudil, na leƙa ruwan nan da ke gangarawa ƙasar Haɗeja, hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga birni.

Wanda ya san Gidan Zu ran Salla, an ce mini, bai san shi ba, gama ran nan ƙura da kan mutane kaɗai ake gani. Ni ran Talata na je, ba kowa sai 'yan tsiraru da ma'aikata masu shara. Itatuwa manya sun rufe hanyoyi da inuwa, har mutum ya manta cikin birni yake. Na fara da zaki, don shi na zo. Na iske shi kwance ya ba ni baya, ko kunne bai kaɗa ba. Na tuna a watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan nan, aka rufe ƙofa, aka kusa kwana biyu kafin a mai da shi, sai na dubi ƙarfen da ke tsakaninmu da kyau, na gode wa maƙerin da ya yi shi.

Inda na daɗe shi ne wurin kura. Mu Hausawa mun raina ta, a tatsuniya ita ce sakarai wadda gizo ke yi wa wayo kullum, a kasuwa kuma mun saba ganinta da takunkumi a hannun gardawa. Amma wanda ya tsaya ya dube ta a natse zai ga halitta ce mai ban tsoro: ƙirji da wuya kamar na ɗan dambe, baya ya gangara, muƙamuƙi kuwa mai farfasa ƙashin da zaki ya bari. Macensu ta fi namiji girma, ita ke mulkin garke. Na yi kusan sa'a guda nan, ba mai jan rigata, ba mai cewa yana jin fitsari. Sa'an nan na wuce wurin jimina, na ƙidaya yatsunta, biyu ne rak a kowace ƙafa, yadda littafin malaminmu ya nuna. Masana sun ce mace ke kwanci kan ƙwai da rana, in dare ya yi namiji ya karɓe ta. Wannan ban ga dalilin kai labarinsa gida ba.

Labudda wanda ya tafi kallo shi kaɗai ya fi gani. Uban da ya zo da yara ba dabba yake kallo ba, yara yake ƙirgawa. Amma ga abin da ya same ni. Ina tsaye gaban birai, wani babba ya fizge gyaɗa daga hannun ƙarami, ƙaramin ya koma gefe ya dafe kai yana kururuwa, daidai yadda 'yar autata ke yi in yayanta ya ƙwace mata abu. Dariya ta kama ni, na juya na ce, "Kun gani?" Ba kowa a bayana sai wani tsoho mai tsintsiya. Ya dube ni, ya ce, "Na gani, Malam, kullum haka suke." Sau uku ina yin wannan juyi kafin azahar.

Da la'asar na tafi wani wurin wasa na 'yan kasuwa, inda ake da lilo mai aiki da lantarki, kujeru rataye da sarƙa, in an kunna sai su yi ta kewayawa suna buɗewa sama. Na miƙa kuɗi, mai yankan tikiti ya leƙa bayana, ya ce, "Yaran fa, Alhaji?" Na ce ni zan hau. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in riƙe hulata. Na zauna tsakanin 'yan makaranta, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, iyayensu mata na gefe suna rufe baki da mayafi. Da abin ya ɗauka, iska ta cika mini riga, ƙasa ta karkace, kai, ban san sa'ad da na yi ihu ba. Rabona da irin wannan dariya tun ina aji uku. Ba na musun daɗin da na ji, ba kuwa zan ce na yi da na sanin hawa ba.

Irin wuraren nan asalinsu daga Turai da Amurka ne. Mafi suna a cikinsu shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a Kalifoniya cikin 1955. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa tunanin ya zo masa ne yana zaune kan benci yana kallon 'ya'yansa mata biyu bisa dawakin lilo, ya ga ya kamata a sami wurin da babba da yaro za su yi wasa tare. Ashe shi abin da ya dame shi uba na zaune yara na hawa. Ni kuwa na juya abin, uba na hawa, yara na Jahun.

Na kwana wurin wani abokina, da safe na sayi alawa da gurasa da 'yar motar roba, na kamo hanya. Aka yi murna da tsaraba, aka tambaye ni aikin ofis, na ce alhamdu lillahi. Kwana uku asirina a rufe. Ran na huɗu uwargida za ta wanke rigata, ta zazzage aljihu, sai ga guntun tikiti. Babban ɗana, wanda ni na koya masa karatu da hannuna, shi ya karanta mata.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Da dare bayan yara sun kwanta ta ce, "Malam, ba tafiyar ce ta ɓata mini rai ba. Da ka ce ka gaji kana so ka sha iska, wa zai hana ka? Amma ka sa na yi maka addu'ar aiki." Na rasa ta cewa. Can kuma ta ce, "Kai kana da hutun shekara, an rubuta maka a takarda. Ni nawa hutun wane wata ne?" Na yi shekaru ina rubuta takardun hutun mutane, ban taɓa jin wanda ya yi wannan tambaya ba. Yaron kuwa kwana biyu yana gaishe ni da ladabi, ba ya ƙara ko kalma guda. Ran na uku ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya ce, "Baba, da gaske zakin yana da girma?" Na ce barci na iske shi yana yi. Ya ce, "Da ni ne da na jira ya tashi."

Yanzu dai mun sayi asusu, kowane wata in albashi ya zo ina jefa wani abu a ciki a gaban kowa. Mun shirya za a riƙa tafiya biyu biyu, tun da bakwai ba ta yiwuwa. Na ce a fara da manyan yara, uwargida ta ce a'a, ita da ƙanwarta za su fara, ni in zauna da yara huɗu wuni guda in ga yadda ake yi. Abokan aikina sun rabu biyu a kan wannan magana, har an kusa ɓatawa a ofis. Don haka nake so malamai masu karanta jaridar nan, musamman waɗanda suka riga mu aure, su rubuto su faɗi abin da suka gani. An sa ranar tafiyarsu bayan an gama girbin gero.

Naka mai biyayya,
Wani Akawu, Jahun.