Tsoho a Kan Keke da Ziyarar Iskandariyya

Jama'ar Dar Salam, na gida da waɗanda yaƙi ya tarwatsa.

Tun da wuta ta tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, da yawa daga cikinmu suka bi ta Argin ko Wadi Halfa suka shiga Masar, wasu da iyayensu a kan keken guragu. Aikina rubuta wa dattijon unguwa wasiƙu, saboda haka labarin iyalai yakan biyo ta hannuna. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne, ana biyan haya, ana sayen magani, amma tsoho yana ɗaki wata da watanni, ba ya ganin rana sai ranar likita. In an tambaya, sai a ce keke ne ya hana. Alhali abin da ke hanawa matakala ce, ita kuwa ana iya sanin inda take tun kafin a fita.

Ku ɗauki Iskandariyya, a bakin Bahar Rum. Babban ɗakin karatunta da aka buɗe a 2002 yana da lif da gangaren da keke ke bi, kuma akwai sashen tsofaffin littattafan hannu da zai faranta ran duk wanda ya yi karatun allo. Hanyar gaɓar teku shimfiɗe take, sai dai tsallaka babban titin na da wuya, domin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa matakala ne. A sa mota ta sauke ku ta ɓangaren ruwa. A Mandara an keɓe wa masu lalura bakin teku. Ganuwar Ƙaitbai kuwa a tsaya a farfajiyarta, hawan sama ƙunci ne da shi.

Inda zuciyar dattawanmu ta fi karkata shi ne unguwar Anfushi, wurin masallacin Abul Abbas al-Mursi, da makwancin Imam Busiri mai Burda a kusa da shi. Akwai matakala a ƙofa, don haka a tafi da samari biyu masu ƙarfi, a kuma kauce wa cunkoson Juma'a. Wanda ya shekara sittin yana karanta Burda a Mauludi ya cancanci wannan ɗawainiya.

Kakanninmu da ƙafa suka taso daga Sakkwato da Kano, suna nufin Makka, har suka zauna a Mai Wurno da Umdurman. Zuriyar irin waɗannan matafiya bai dace ta kulle tsohonta a ɗaki ba.

Ranar da muka koma gyara masallatanmu na Dar Salam, mu sa magina su yi gangare a ƙofa tun daga tushe. Yaƙin nan ya ƙara mana masu keke, har da matasa, kuma sahun salla haƙƙinsu ne.

Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, Ya mayar da kowa gidansa. Amin.