Dutsen da ba shi da matakala

Mu yaran Sharaɗa, dutsen da muka sani shi ne Dala, shi kuwa matakala gare shi: ka hau kana hira, ka hango Goron Dutse da hayaƙin masana'antu ta wajen Bompai. Shi ya sa da malaminmu na labarin ƙasa ya ce zai kai mu Riruwai cikin hunturu, muka ɗauka yawon shan iska ne. Wani ma da silifas ya zo.

Mun bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore da hantsi, direba ko uffan, don dajin ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Riruwai tana ƙaramar hukumar Doguwa, tsohon garin haƙar kuza tun zamanin Turawa, duwatsu sun yi mata ƙawanya. A nan muka kwana. Washegari da asuba aka haɗa mu da wani dattijo mafarauci.

"Baba, ina hanyar?" in ji ɗayanmu.

"Samari, nan ba hanya. Inda na taka, ku taka."

Gamba ta fi mu tsayi, sarƙaƙiya na fizgar riga, can sama gwaggon biri na ta haushi. Da muka fita daga inuwar ɗorawa da kaɗanya sai falalen dutse mai santsi, nan kowa ya koma rarrafe. Silifas ya tsinke, aka ɗaure shi da tsumma. Abin da ya fi karya mana gwiwa shi ne, duk tudun da muka zaci shi ne ƙarshe, sai wani ya ɓullo a bayansa. Ruwanmu ya kusa ƙarewa. Malam ya ce in azahar ta yi, ko mun kai ko ba mu kai ba, juyawa za mu yi, don dare a nan ba abin wasa ba ne. Mun yi ta gunaguni, amma yanzu mun san gaskiyarsa.

Saura kaɗan azahar muka kai. Ba injin, ba ƙarar tirela, sai iska da daji iya ganinka cikin hazo.

Saukowa ta fi hawa wuya, ƙafafu na karkarwa. A gindin dutsen Baba ya kai mu wata ƙorama, ruwa garau har ana ganin tsakuwa. Malam ya ce rafukan wannan yanki ne ke ciyar da Kogin Kano, wanda ke zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ya gangaro ya haɗu da Kogin Chalawa ta wajen Tamburawa. Muka kalli juna, don mun san launi da warin ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Chalawa da na unguwarmu. Mai silifas ya wanke ƙafarsa da ta yi jini, sannan ya cika gora ya ce zai kai wa babansa, wanda ke aiki a ɗaya daga cikinsu.